Haƙoran da ake ɗaurawa a kan ƙusa: mu kai Hajiya ko mu dakata?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu. Shekarunta 64, haƙoranta na ƙasa sun ƙare ƙaf, na sama saura biyar a gaba, biyu ma girgiɗa suke yi. Shekara uku ke nan da aka yi mata haƙoran roba na cirewa, amma na ƙasan ba su taɓa zama a bakinta ba. In ta zo cin tuwo sai ta zare su ta ƙulle a gefen mayafi, ta ci da dasashi. Nama kuwa sai an daka mata. Ranar sunan jikarta tana tsaka da gaisawa da surukai suka zamo, ta tare da hannu. Tun daga ranar ta daina zuwa taro. Yanzu Yayanmu ya ga tallar wani asibiti a Turkiyya, wai za su kafa ƙusoshi huɗu a ƙashin muƙamuƙi, su ɗaura jerin haƙora a kai, cikin kwana biyar an gama, ba cirewa har abada. Ya ce a shirya fasfo. Ni kuma gabana faɗuwa yake, don tana da suga. Akwai wanda ya taɓa yi ko ya san wanda ya yi?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri. Ni dai ƙusa a ƙashin tsohuwa, jikina bai ba ni ba.

Alhaji na Fagge: Ni na yi, a Alƙahira, shekara huɗu ke nan. Ƙusa shida a sama, huɗu a ƙasa. 'Yata, in kuna da hali ku yi mata, kada ku tsaya jin maganar mutane. Na shekara bakwai ban ci tsire ba, ranar da na fara ci sai da na yi ƙwalla a gaban mai nama. Wanda bai rasa haƙori ba ba zai gane ba. Amma maganar kwana biyar ɗin nan ban yarda da ita ba. Ni sau biyu na je, tsakani wata biyar. Zuwan farko na wucin gadi suka sa mini, suka ce kada in tauna abu mai tauri. Kunu, fate, dankali, kifi, ƙwai, haka na yi ta fama har na koma aka sa na dindindin.

Ɗan Gwaggo: Alhaji ashe an wuce haƙorin Makka, an koma na Misira. Da ɗaya ake sakawa a yi ta murmushi a unguwa, kai ka kwaso dozin biyu.

Alhaji na Fagge: Ɗan nema. Na Makkan ma ina da shi, da shi aka cire.

Dakta Haƙori: Maman Iman, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da abin da ya sa na robar ƙasa ba sa zama, don kada ku ɗauka wanda ya yi mata ne bai iya ba. Na sama suna da ganɗa, su manne kamar yadda kofi ke manne wa baki in ka zuƙe iskar ciki. Na ƙasa ba su da wurin kamu sai siririn tudun dasashi, ga harshe yana ture su ta ciki, ga kumatu ta waje. Sannan ƙashin muƙamuƙi saiwar haƙori ce ke riƙe da shi. Da zarar an cire haƙori sai ƙashin wurin ya fara zaizayewa, ya fi sauri a watannin farko, amma ba ya tsayawa. Robar da ta zauna daidai bana, baɗi za ta yi lako-lako.

Ƙusar da ake magana ba irin ta kafinta ba ce. Ƙarfen titaniyam ne mai zare kamar noti, kuma ƙashi yana girma ya manne masa ya zama kamar abu ɗaya. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura da haka a 1952 yana bincike a ƙashin zomaye: ya zo cire ƙarfen da ya saka, ya ƙi fita. A 1965 ya kafa wa mutum na farko guda huɗu a muƙamuƙin ƙasa, mutumin ya rayu da su shekara 40 har ya rasu. Saboda haka abin ba sabo ba ne, kuma in an yi shi a bakin da ya dace, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙusoshin suna nan bayan shekara 10.

Tsarin ƙusa huɗun da Yayanku ya gani shi ake kira All-on-4, wani likitan Fotugal mai suna Paulo Maló ya yaɗa shi daga ƙarshen shekarun 1990. Biyu a gaba a miƙe, biyu a baya a karkace, don a kauce wa jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, a sama kuma a kauce wa kogon da ke gefen hanci. Gaskiya ne ana iya ɗora haƙora a ranar ko washegari. Amma kamar yadda Alhaji ya ce, na wucin gadi ne. Ƙashi ba ya sauri don an biya kuɗi. Wata uku zuwa shida yake ɗauka kafin ya riƙe ƙarfen, na ƙasa ya fi na sama saurin kamawa saboda ya fi tauri.

Maman Iman: Na gode ƙwarai Likita. To maganar sugan fa? Nan ne hankalina ya fi tashi.

Dakta Haƙori: Suga ba ta hana yi, sugar da ba a shawo kanta ba ita ke hanawa. Kada ku dogara da gwajin yatsa na safe. A yi mata HbA1c, shi ne ke nuna yadda sugar take a wata ukun da suka wuce. Mun fi son ya sauko kusa da 7. In ya haura 8 ni dakatawa nake yi, in mayar da mutum wurin likitansa, don ciwo ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun wurin zama. Sannan ku kwaso duk magungunanta a leda ku nuna wa likitan. Akwai na ƙarfafa ƙashi da ake ba mata masu shekaru, irin alendronate da wasu allurai, waɗanda kan sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa bayan aiki. Akwai na tsinka jini. Tsofaffinmu kuma in ka tambaye su sai su ce "'yar farar ƙwaya ce".

Injiniya B: Ni zan kawo ɗaya gefen, don kada a ji daɗin Alhaji kawai. Ƙanin mahaifina ya yi nasa a waje, aiki ya yi kyau, kowa ya yaba. Bayan wata goma sha ɗaya noti ɗaya ya kwance, jerin ya fara ɗan motsi in yana tauna. Abin da minti goma zai gyara. Mun zaga asibitin haƙori huɗu, kowa ya leƙa ya ce ba shi da sukurudireban wannan kamfanin. Ba su ba shi ko takarda ɗaya mai sunan ƙusar ba. Muka yi ta aika saƙo a WhatsApp, wanda ya yi mana tafinta a can ya bar aikin, sabon kuma ya ce mu zo. Mu zo! Kuɗin jirgi da biza don a ɗaure noti. Kafin mu haɗa kuɗin, notin ya karye a ciki. Sai da aka sha wahala aka ciro guntun.

Alhaji na Fagge: To wannan ai sakacinku ne Injiniya. Ni an ba ni kati, sunan kamfani da lambar kowace ƙusa da tsawonta. Yana cikin jakar fasfona.

Injiniya B: Ranka ya daɗe, wanda bai san akwai kati ba yaya zai tambaya? Kai Allah ya haɗa ka da na kirki. Kuma ko da katin, in ba mai kayan kamfanin a garinku, katin me zai ɗaure?

Dakta Haƙori: Dukanku kuna da gaskiya. Kamfanonin suna da yawa ƙwarai, kowa da bakin notinsa. Irin su Straumann da Nobel Biocare da Osstem an fi samun kayansu a wurare da dama. Ni shawarar da nake ba mai niyyar fita ita ce ya fara daga ƙarshe: ya nemo likitan da zai riƙa duba shi a gida, ya tambaye shi wane kamfani yake aiki da shi, sannan ya tafi. Ba na cewa kada a fita, akwai ƙwararru a can, akwai kuma 'yan kasuwa, kamar nan.

Hajiya Babba: Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Shekarata goma sha biyu da na roba sama da ƙasa, ina cin abincina, da dare in wanke in sa a kofi. Yaran zamani komai sai an kai mutum an fasa masa ƙashi. Ku kai ta a sake mata wasu, a daidaita. Miliyoyin nan ku kai ta Umara.

Maman Iman: Hajiya, wallahi sau uku ana sakewa. Har man nan da ake shafawa su manne mun saya. Likitan ƙarshe ya sa yatsa a bakinta ya ce dasashin ya kwanta, ba tudun da zai riƙe.

Hajiya Babba: To baki ba ɗaya ba ne. Allah ya kawo sauƙi. Amma ku tambaye ta tukuna, ita tana so? Ku 'ya'ya kun iya yanke wa mutum hukunci kuna cewa gata ne.

Maman Iman: Wannan magana ta shige ni. Gaskiya Yaya ne ke ta shiri, ita cewa kawai take "duk yadda kuka yi".

Mai Haɗa Haƙori: Ni ba likita ba ne, ni ne wanda ke zaune a ɗakin baya yana ƙera haƙoran, don haka abin da ya lalace hannuna yake dawowa. Akwai abin da masu talla ba sa nunawa. Jerin nan ba haƙora ne zalla ba, akwai ɓangare mai launin dasashi a ƙarƙashinsu wanda ke cike gurbin ƙashin da ya tafi. Tsakaninsa da dasashin gaske akwai ɗan sarari, kuma duk abin da aka ci sai ya leƙa wurin: zaren nama, ɓawon wake, riɗi, garin goro. Aswaki ba ya kaiwa, buroshi ma ba ya kaiwa. Sai an zura zare na musamman ta ƙarƙashi, ko ɗan siririn buroshi, ko na'urar da ke fesa ruwa da ƙarfi, kullum ta Allah. Na taɓa karɓar wani jeri da likita ya kwance bayan shekara biyu ba a duba ba. Da na juya cikinsa sai da na buɗe taga. Dattin ya daskare ya zama dutse, rawaya da baƙi, ya zagaye bakin kowace ƙusa. Mai shi kuwa mutum ne fes, mai tsafta, kullum da aswaki a aljihu. Ba wanda ya koya masa.

Shi ya sa nake tambaya: idon Hajiya yana gani sosai? Hannunta ba ya rawa? Wa zai zauna da ita a madubi?

Ɗan Gwaggo: Yanzu duk kuɗin nan kuma ƙarfe ma sai ya yi tsutsa?

Dakta Haƙori: Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma naman da ƙashin da ke riƙe da shi suna ciwo. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, a hankali ƙashin ya janye daga jikin ƙusar. Mugun abin shi ne sau da yawa ba zafi sai ya yi nisa. Masu shan sigari da waɗanda ciwon dasashi ne ya zubar musu da haƙora tun farko sun fi shiga haɗarin. Kuma haƙora biyar ɗin nan na Hajiya da biyunsu ke girgiɗa, in ciwon dasashi ne, sai an magance shi kafin a kafa komai, don ƙwayoyin cutar ba sa tsayawa a sama. Duba kuwa duk wata shida, ko aƙalla sau ɗaya a shekara.

Tunda na ambaci biyar ɗin: kada ku yarda a cire su don kawai a samu jeri mai kyau a hoto. Wanda za a iya ceto a cece shi. Haƙorin Allah yana da wata 'yar jijiya tsakaninsa da ƙashi, ita ke gaya maka ka taka tsakuwa a shinkafa kafin ka danna. Ƙusa ba ta da ita.

Alhaji na Fagge: Wannan gaskiya ne. Na fasa haƙori ɗaya a kan ƙwallon dabino, ban ji komai ba sai ƙara. Rake da aya da ƙashin kaza duk na sallama su.

Mai Haɗa Haƙori: Irin naka na roba ne a kan firam ɗin ƙarfe ko Alhaji? Shi in ya ɓalle ana gyarawa cikin yini, amma yana cinyewa da shekaru, yana kuma ɗaukar launin goro da shayi. Na zakoniya farin dutse ne mai tauri, ba ya rina, ya fi tsada, in kuwa ya tsage yawanci sabo za a yi. Wasu kuma suna ƙorafin ƙas-ƙas in na sama da na ƙasa duk dutse ne.

Ummu Abdallah: Don Allah a fannin addini fa? Na ji ana cewa canza halitta ne. Kuma alwala da wanka, ruwa ba ya taɓa dasashin da aka rufe.

Malam na Zaure: Mayar da abin da ya lalace magani ne, ba canza halitta ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarce shi ya sa na zinariya. Da wannan malamai suke kafa hujja a kan haƙori. Kurkurar baki kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce a alwala da wanka, kuma ana kurkurawa da haƙoran a baki, ba a ce sai an kwance ba. Wallahu a'alam.

Dakta Haƙori: Allah ya gafarta Malam, ga wani abin da ya fi cancantar tambaya. In ƙashi bai isa ba akan yi ciko. Garin ƙashin da aka fi amfani da shi na saniya ne da aka sarrafa, 'yar fatar da ake rufe shi da ita kuma sau da yawa daga alade ake samo ta. Akwai waɗanda ba na dabba ba, akwai kuma ɗebo ƙashin mutum kansa. Sai dai in ba ka tambaya ba, ba lalle a gaya maka ba.

Malam na Zaure: To ka ga wannan ban sani ba. Tunda akwai madadi, a nemi madadin.

Injiniya B: Likita, tsakani da Allah, in mahaifiyarka ce me za ka yi mata?

Dakta Haƙori: Ban ga bakinta ba, ban ga hoto ba, don haka ku ɗauki wannan a matsayin hira. Amma yadda aka siffanta ta, zuciyata ta fi karkata ga hanya ta uku da ba wanda ya ambata: ƙusa biyu kawai a gaban muƙamuƙin ƙasa, kowace da ɗan kai kamar maɓalli, haƙoran roba su danna a kai su ce ƙyas. Ba sa zamewa a taro, ba sa tashi in ana tauna tuwo, da dare kuma ta ɓalle su ta wanke a hannu tana gani. Aikin ya fi ƙanƙanta, kuɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A 2002 ƙwararru sun taru a Jami'ar McGill ta Kanada suka ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa. Aibinsa: 'yan robobin maɓallin suna saki, ana canza su lokaci-lokaci, kuma ƙarfin taunarsa bai kai na dindindin ba.

Alhaji na Fagge: A nan kam ban bi ka ba Likita. Abin da za ka cire ka sa a kofi ai ba haƙorinka ba ne. Matar nan kunyar cirewar ce ta hana ta fita. In za a yi, a yi mai gaba ɗaya.

Hajiya Babba: Alhaji, ba cirewa ce ta ba ta kunya ba, faɗowa ce a gaban surukai. Wa ke ganin mace da dare in ta rufe ɗakinta? Mu da muke sawa a kofi ba mu mutu ba.

Alhaji na Fagge: Allah ya huci zuciyar Hajiya, ban da ke nake ba.

Dakta Haƙori: Alhaji, ga wanda ke da ƙashi da lafiya da hannun wankewa da likita a kusa, irinka, na dindindin ya fi daɗi, ban musa ba. Abin da zai raba gardamar hoto ne. Ba ƙaramin hoton da ake mannawa a baki ba, sai babban wanda ake kira CBCT, mai nuna kauri da tsawon ƙashi da inda jijiyar take. In aka taɓa jijiyar nan leɓen ƙasa da haɓa kan mutu, wani na makonni, wani ya ɗore. Duk wanda ya yanka muku farashi da ranar aiki daga hoton waya, bai ga wannan ba, ku yi hattara da shi.

Abban Sadik: Tambaya ta gefe: in za a shiga na'urar MRI, mai ɗaukar hoton jiki da maganaɗisu, ko a wuce ƙofar filin jirgi fa?

Dakta Haƙori: Titaniyam maganaɗisu ba ya jan sa, ana yin MRI da shi, a dai sanar da masu hoton. Ƙofar filin jirgi kuma Alhaji ya fi ni sani.

Alhaji na Fagge: Sau uku na wuce ta Jidda, ko ƙyas ba ta ce ba.

Maman Iman: Jama'a na dawo. Jiya bayan isha'i na zauna da ita, na karanta mata duka, har faɗan Alhaji da Hajiya Babba, ta yi ta dariya tana rufe baki. Na tambaye ta abin da take so. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta son jirgi, ba ta son a taɓa mata biyar ɗinta na sama, kuma abin da take marmari shi ne ta ci ƙuli-ƙuli da kanta ba jiƙaƙƙe ba. Na tura wa Yaya, ya ɗan ji haushi don har ya biya kuɗin ajiye rana, amma ya yarda a fara da gwaji. Yau da safe mun yi HbA1c, ya fito 8.6.

Dakta Haƙori: To a koma wurin likitan sugarta tukuna, a sake gwajin bayan wata uku. Kafin nan a wanke mata dasashin sama a duba biyun masu girgiɗa. Ƙuli-ƙuli kuwa ku gaya mata ban yi alkawari ba, sai dai mai taushi.

Hajiya Babba: A daka mata shi a zuba a kwaɗon zogale. Ki turo mini lambarta ta akwati, zan kira ta.